Aikin Maƙoƙo Sai Hannun Da Ya Saba

Maƙoƙo ciwo ne da jama'armu suka sani tun kaka da kakanni, kuma wani ba ya warkewa sai an yi masa fiɗa a asibiti. Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne, ba kowane likitan fiɗa ne ya gwanance da wannan aiki ba.

Wurin aikin ƙunci gare shi. A bayan maƙoƙon akwai jijiyoyi biyu sirara waɗanda ke motsa murya. In wuƙa ta taɓa ɗaya, murya ta dushe. In ta taɓa duka biyun, numfashi ma sai ya gagara. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙwayoyi huɗu kamar tsabar shinkafa, masu daidaita sinadarin kalsiyam a jini. In aka ɓata su, sai gaɓoɓi su riƙa ƙagewa.

A wajen shekarar 1850, cikin mutum 100 da aka yi wa wannan aiki a Turai, kamar 40 ke mutuwa. Theodor Kocher, likitan birnin Bern a Suwizalan, ya yi shi fiye da sau 5,000. Da farko fiye da 10 cikin 100 ke mutuwa a hannunsa, amma da tsabta da yawan yi sai suka koma ƙasa da 1. A 1909 aka ba shi kyautar Nobel.

Masana na Jami'ar Duke a Amurka sun ƙarfafa wannan a 2017. Da suka duba majiyyata kusan 17,000, sai suka ga matsala tana raguwa gwargwadon yawan aikin likita, har ya kai sau 25 a shekara. Amma rabin likitocin sau ɗaya tak suke yi a shekara.

To, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ne 'yan'uwa kan nemi shawararku. Ku ce su tambayi likita, cikin ladabi, sau nawa yakan yi aikin a shekara. Matambayi ba ya ɓata, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. Mu malamai mun fi kowa sanin darajar murya, domin ita ce fartanyarmu.

Muna kuma roƙon hukuma ta tattara wannan aiki a manyan asibitoci, inda ƙananan likitoci za su koya a gaban manya. Nisan tafiya ya fi sauƙi bisa ga rasa murya har abada. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.