Wa Zai Sa A Zana Alƙalin Wasa?

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Hausawa na Agege a Ikko ya san ba a rasa masu zane a bakin titi, watau masu rubuta allon kanti da yi wa manyan motoci ado. Mai aski ya zo ya biya a zana masa ɗan ƙwallo, mai gingimari ya biya a zana masa zaki ko ɗan dambe ya ɗaure hannu. Amma da wuya a ji wanda ya ciro kuɗinsa ya ce a zana masa alƙalin wasa. Shi dai ba a tuna shi sai ranar da za a zage shi.

Ba ko'ina ne abin yake haka ba. A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, wanda ake jefo ƙwallo a make ta da kulki a sheƙa da gudu. Wata mujalla tasu mai suna Saturday Evening Post ta fito ran 23 ga Afrilu, 1949, da wani zane a bangonta, aikin shahararren mai zanen nan Norman Rockwell. Ba 'yan wasa ya sa a gaba ba, alƙalai uku ne, Larry Goetz da Beans Reardon da Lou Jorda, sun ɗaga kai suna duban hadari, ɗayansu ya tara hannu yana jin yayyafi. Allon filin ya nuna 'yan Pittsburgh suna gaban 'yan Brooklyn da ci ɗaya, a filin Brooklyn ɗin kuwa ake wasan. In suka tsai da wasa saboda ruwa, baƙi sun ci ke nan, masu gida su tashi da haushi. Wannan nauyi shi mai zanen ya nuna a fuskokinsu. Zanen yana ajiye a gidan tarihin wasan da ke garin Cooperstown.

To, alƙalin damben Hausa nauyinsa bai gaza wannan ba. Dambe tun asali wasan mahauta ne, ga shi kuwa babbar mayankar Ikko tana Oko-Oba, nan cikin Agege, saboda haka wasan ba baƙo ba ne a wurin. Alƙali shi ke shiga tsakanin ƙarti biyu in sun sarƙe, shi ke lura da turmi uku, shi ke cewa an yi kisa in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa. Yana yanke hukunci nan take, ga kalangu na tashi, ga 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada kowa ya zura masa ido. In ya karkata, filin ya hargitse, a fasa kawuna. In ya yi gaskiya, a ɗauki gwani a kafaɗa, shi kuwa ya tafi gida ba ko sannu.

Waƙar Ɗan Anace ta sa har gobe ba a manta da Shago ba. Amma mutum nawa ne za su iya faɗin sunan wanda ya tsaya tsakaninsa da abokan karawarsa? Yaron da ya tashi yana ganin hoton mai naushi kaɗai a bango, naushi zai so ya koya, ba adalci ba. In aka ci gaba a haka, wata rana a nemi mutumin kirki da zai riƙe usur a rasa.

Saboda haka kira ga masu shirya wasa da attajiran Agege da fadar Sarkin Hausawa shi ne, ran da za a raba kyauta a sa mai zane ya zana dattijon alƙalin da aka shaida da gaskiya, a rubuta sunansa a ƙasa, a kafa a ƙofar fili. Kuɗin bai kai na ragon da ake ba gwani ba, mai zanen unguwa kuma ya sami na cefane. Hausawa dai sun ce yabon gwani ya zama dole, gwani kuwa ba mai kisa kaɗai ba ne. Allah ya ba da ikon gyarawa, amin.