Wane Magani Ya Fi Ga Tsutsar Karan Masara?

Zuwa ga Edita,

Yau zancena a kan tsutsar nan ne mai huda karan masara. Ina roƙon masu karatu su karanta wa manoma.

Bara na raba gonata uku. Kashi na fari na zuba wa ƙwayoyin kabofuran a kan masara, inda sabon ganye ke fitowa. Tsutsa ta mutu ƙwarai, amma zabina biyu da suka tsinci wanda ya zube su ma suka bi ta. Dafinsa ba ya barin tsuntsu, ba ya barin mutum mai sakaci. Na biyu na yi wa feshin lamda-sihalotirin, wanda sai ya taɓa tsutsa yake kashe ta. Na yi jinkiri har ta shige kara, kuɗina ya tafi a banza. Na uku na daka 'ya'yan darbejiya, na gauraya da yashi, na bi kowace shuka na zuba. Aikinsa sannu ne, sai an maimaita, amma ga araha, ga ƙarancin hatsari.

To, jama'a, kowane kuka zaɓa, lokaci shi ne babba. Mako 2 zuwa 4 bayan tsiro, in kun ga ƙananan huji jere bisa ganye, ranar magani ta zo. Ku sani kuma cikin busasshen kara tsutsar nan ke yin rani, sai a babbaka shi kafin a yi danga. Rigakafi ya fi magani.

Naku,
Malamin Gona.