Mai ciwon sukari da ɓarin jikinsa ya shanye: kada a mance da ƙoda

Idan ɓarin jikin mai ciwon sukari ya shanye, hankalin dangi duka yakan koma ga hannu da ƙafar da suka mutu. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce sammu ne. A yi ta shafe-shafe da turare, babu mai tunawa da ƙoda. Alhali kuwa sukarin da ya lalata hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, shi ne ke cin ƙananan jijiyoyin da ƙoda ke tace jini da su. Ita kuwa ƙoda ba ta yin zogi sai ɓarna ta yi nisa.

Abin lura shi ne, maganin sukari da lafiyar ƙoda tafiyarsu ɗaya. Ƙwayar metformine, wadda aka fi bai wa masu wannan ciwo, ta ƙoda take fita daga jiki. In ƙoda ta raunana, tilas likita ya rage ta ko ya tsayar da ita. Allurar insuline kuma takan daɗe cikin jini, har sukari ya faɗi ƙasa da garam 0,70 cikin lita. Sai majinyaci ya jiƙe da gumi, ya ruɗe, harshensa ya sarƙe, dangi su zaci shanyewar ce ta dawo. Saboda haka kayar da sukari ƙasa ƙwarai ba gwaninta ba ce. Gwaninta ita ce a riƙe shi daidai, gwargwadon ƙarfin ƙodar mutum da shekarunsa.

Ya kamata hukumomin kiwon lafiya su mayar da wannan doka: duk mai ciwon sukari da aka kwantar saboda shanyewar jiki, kada a sallame shi sai an yi masa awon ƙoda, na jini da na fitsari, kuma a riƙa sake awon aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Kuɗin awo bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda ba, wanda bisa ƙa'ida ake yi sau 3 a mako, awa 4 kowane zama, kuma sai a manyan asibitoci. Ina manomin Madarunfa ko na Tanut zai iya da wannan jigila?

Dangi ma suna da nasu aiki. Su rage wa majinyaci gishiri da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai garam 5 na gishiri a yini. Su raba shi da shayi mai sukari. Su riƙa kai shi awon hawan jini. Su kuma guji ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, irin su diclofénac da ibuprofène, domin suna ƙara kassara ƙoda.

Hannun da ya shanye kowa na ganinsa, amma ƙoda sai awo ke nuna halinta. In aka yi sake, ana kukan targaɗe sai ga karaya.