Sharhi: Su wa ke ɗaga tutar Afirka a wasan zamiyar ƙanƙara?

A shekarar 2012, Adam Lamhamedi ya ciyo wa Maroko lambar zinare a tseren gangarowa daga tsauni kan dusar ƙanƙara, a gasar Olympics ta matasa ta lokacin hunturu da aka yi a Innsbruck na ƙasar Ostiriya.

Wannan ce lambar yabo ta farko da wata ƙasar Afirka ta samu a irin wannan gasa. Sai dai a Kanada aka haifi matashin, a can kuma ya koyi wasan.

Haka ma Sabrina Simader, wadda ta wakilci Kenya a gasar matasa ta Lillehammer a 2016, a Ostiriya ta tashi. Shi kuwa Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Najeriya a tseren dogon zango kan ƙanƙara a Beijing a 2022, haifaffen Faransa ne.

Nauyin tawaga

Dalilin haka a fili yake. Jagorantar tawagar matasa a wannan wasa na buƙatar tsauni mai dusar ƙanƙara, da ƙwararren mai horarwa, da kayan wasa masu tsada, da inshora.

Kafin matashi ya kai ga babbar gasa, sai ya yi ta shiga ƙananan tsere yana tara makin da hukumar wasan ta duniya, FIS, ke lissafawa, kuma akasarin waɗannan tseren a Turai da Arewacin Amurka ake yin su.

Don haka iyaye da ƙungiyoyin wasa na ƙasashen da yaran ke zaune ne suka fi ɗaukar ɗawainiyar, yayin da ƙasar asali ke ba da fasfo da tuta.

Ina rabon yaran gida?

A kudancin jihar Kano akwai duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, amma komai tsananin hunturu dusar ƙanƙara ba ta sauka a kansu. Yaron Kiru ko Tudun Wada ba shi da hanyar shiga wannan fage, sai idan ƙaura ta kai iyayensa waje.

Abin da yankin ke da shi shi ne ruwa da tuddai. Madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji za ta iya ɗaukar horon tseren kwale-kwale, tuddan Doguwa kuma na iya amfanar masu gudun dogon zango, kamar yadda tuddan Iten suka amfani 'yan Kenya.

Babu laifi Najeriya ta rungumi 'ya'yanta mazauna waje, tunda suna ɗaukaka sunanta ba tare da ta kashe kuɗi mai yawa ba. Amma kasafin wasanni ba shi da yawa, kuma ƙalubalen da ke gaban hukumomi shi ne kada kwalliyar gasar hunturu ta sa a manta da matasan da ke gida.