Wanda Ya Ƙi Shawara a Gida, Ba Ya Jin Ta a Waje

Ya kai ɗan'uwa mai ƙuri'a. Kafin ka shiga rumfar zaɓe ka dangwala, zo mu yi ɗan lissafi, irin wanda nake yi da yara a allo sa'ad da nake koyarwa.

Ran 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, tun bai sauka daga dandamali ba ya ce an janye tallafin man fetur. Ba a tambaye ka ba, ba a tambaye ni ba. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a gidajen mai na Arewa. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya bi shi.

Muna cikin wannan hali sai sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ran 26 ga Yuli. Mu dai ba ma goyon bayan juyin mulki, don mun ɗanɗana mulkin soja, mun san ɗacinsa. Amma dubi abin da aka yi. Ƙungiyar ECOWAS, wadda shugabanmu ke jagoranta a lokacin, ta ba su wa'adin kwana 7, ko su mai da shi ko a far musu da yaƙi. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki.

To, wa aka hora? Janar Tchiani bai kwana da yunwa ba. Wanda ya ji jiki shi ne ɗan tireda na Jibiya, da mai albasa na Illela, da dillalin shanu na Maigatari, da mara lafiya a asibitin Maraɗi. Jihohinmu 7 ne suka yi iyaka da Nijar, tun daga Kebbi har Borno. Mutumin Katsina da na Maraɗi kakansu ɗaya, Bature ne ya ja layi tsakaninsu. Ashe ɗan'uwanka ne za a ce ka ɗauki bindiga ka harba! Sai da Majalisar Dattawa ta ƙi yarda, malamai suka tashi takanas zuwa Yamai, kana wutar ta lafa. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar da aka kafa a Legas tun 1975.

A gida kuwa yunwa ba ta jira ba. Ran 1 ga Agusta, 2024, matasa suka fito zanga-zanga a Kano, da Kaduna, da sauran birane. An rasa rayuka, an sa dokar hana fita. Ba mu yabi wanda ya fasa kantin wani ba, ba mu kuma yabi mai ɗaga tutar Rasha ba, gama Rasha ba ta aiko wa kowa da tuwo. Amma a Nuwamba, da aka gurfanar da ƙananan yara gaban kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, har wasu suka yanke jiki suka faɗi, wallahi na kasa cin abinci. Sa'o'in waɗanda na koya wa jam'i da ɗebewa ne. Sai da duniya ta yi caa aka sake su.

Ka ga lissafin? Ciwon waje da na gida tushensu ɗaya ne, watau yanke hukunci kafin a ji ta bakin waɗanda abin zai faɗa wa. Shugaban da bai shawarci talakansa kan kuɗin mai ba, yaya zai shawarce shi kan maƙwabci?

Abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai ke nan: a yi shawara kafin a zartar, a tanadi sassauci kafin a ɗora nauyi, a zauna da maƙwabci a kan tabarma, kada a rufe kasuwar talaka don rigimar manya.

Saboda haka, malam, kada ka ce ƙuri'arka ɗaya ba ta komi. Da yayyafi kogi kan cika. Nemo katinka tun yau. Ka gaya wa uwargida, ka gaya wa 'yan majalisarku ta ƙofar gida. Wanda ya zo maka da taliya da sabulu, ka tambaye shi ina yake sa'ad da aka rufe Jibiya. Ran zaɓe ka fito da sassafe, ka jefa, ka tsaya har a ƙirga a gabanka. Jifa da dutse ka sha barkonon tsohuwa. Jifa da ƙuri'a kuwa sai mai mulki ya saurara.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin shawara, amin.