Ana Neman Wata Duniya Irin Tamu

Jama'a, tun da aka ba da sanarwa cikin 2017 cewa an gano duniyoyi bakwai suna kewaya wani ɗan jan tauraro mai suna TRAPPIST-1, ake ta ɗoki, wai an samo wa duniyarmu 'yan'uwa. Ni dai ina ganin an yi gaggawa.

Da farko, ba wanda ya ga duniyoyin nan da ido. Masana kan auna tauraro da madubin hangen nesa. In wata duniya ta gitta ta gabansa sai haskensa ya ɗan dushe, kamar ƙwaro ya gitta gaban fitila. Yawan dushewar shi ke nuna girmanta. Da wannan dabara ce madubin Kepler, wanda Amurka ta harba cikin 2009, ya tono duniyoyi fiye da 2,600.

To, amma girma ɗaya ba ya sa hali ya zo ɗaya. Ga Zara matar wata nan kusa da mu: kusan girmanmu ɗaya, amma zafinta ya haura digiri 460, ko dalma narkewa take yi.

Watau maganar tana ga iska. Cikin 2023 madubin James Webb ya auna zafin wadda ta fi kusa da tauraron cikin bakwai ɗin, bai ga alamar iska mai kauri ba. Irin waɗannan jajayen taurari sukan yi aman wuta mai iya kwashe iskar duniyoyinsu, ga shi kuwa su suka fi yawa cikin taurari. In har wannan ne halinsu duka, to, mafi yawan wuraren da ake sa rai sun fita daga lissafi.