Noman Rani a Jibia: Sola Kaɗai Ba Za Ta Rage Tsadar Ban Ruwa Ba

Madatsar ruwan Jibia da ke kan Kogin Gada, wadda aka kammala a 1989, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. Sai dai mafi yawan filayen da aka tsara domin noman rani a yankin suna kan tudu, dole a ɗaga ruwan da inji kafin ya shiga gona. Shi ya sa manomin alkama ko albasa a Jibia yake fara lissafinsa da kuɗin mai, kafin ya zo kan taki da iri.

Lissafin nan ya daɗe yana ƙara nauyi. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da kan iyaka, abin da ya jefa garuruwa irin su Jibia hannun 'yan bumburutu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur. A Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga farashin wuta ga rukunin Band A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Fetur ya yi tsada, wuta mai tabbas ma ta yi tsada.

Amsar da ke bakin kowa yanzu ita ce sola. Tana da amfani, amma idan aka ɗora ta kan tsohon tsarin da kowa ke kunna injinsa lokacin da ya ga dama, asarar tana nan, sai dai ta koma kan kuɗin faranti da batir. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne sarrafa lodi, wato tsara wane famfo zai tashi, da ƙarfe nawa, kuma da wane gudu.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san injin lantarki. A lokacin tashi, motar famfo tana iya jan wutar da ta ninka ta aikinta kusan sau shida. Idan famfo goma suka tashi tare, sai taransifoma ta ɗauki zafi ko janareta ya shaƙe, a tilasta wa manoma sayen babban injin da ya wuce buƙatarsu. Idan aka jera tashinsu ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin inji ya isa. Akwai kuma na'urar VFD mai daidaita gudun mota. A ƙa'ida, rage gudun famfo da kashi 20 cikin 100 na iya rage cin wutarsa kusan rabi, ko da yake ribar tana raguwa idan tudun da ake kai ruwan yana da tsawo sosai.

Wani zai ce wutar ma ba ta zuwa, wane lodi za a sarrafa? Ai inda abu ya yi ƙaranci nan ya fi buƙatar rabo. Jihar Gujarat ta Indiya ta fuskanci irin wannan, sai daga 2003 ta raba layin wutar gonaki da na gidaje a shirin Jyotigram, ta ba famfunan ban ruwa awa 8 a rana bisa jadawalin da manomi ya sani tun da wuri. Awa 8 masu tabbas sun fi wa shuka amfani a kan awa 12 na jiran tsammani. Kamfanin KEDCO zai iya yin irin wannan ciniki da ƙungiyoyin masu ban ruwa: farashi mai sauƙi da rana, su kuma su yarda a kashe famfunansu da magariba, lokacin da gidaje suka fi jan wuta.

Amma na'urar da za ta yi aiki a Jibia sai an gina ta da sanin Jibia. A wasu ƙasashe ana tura ban ruwa zuwa tsakar dare domin wuta ta fi araha. A nan, matsalar 'yan bindiga ta sa babu mai hankalin da zai tura manomi gona ƙarfe biyun dare. Haka kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a Jibia da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda tsaro. Duk manhajar da sai da intanet take kunna famfo, da ta bar gonaki sun bushe a lokacin. Dole jadawalin ya zauna cikin akwatin da ke jikin famfon, da agogonsa da ƙaramin batirinsa, saƙon tes ya zama ƙari kawai. Kuma dole a bar maɓallin hannu ga shugaban ƙungiyar manoma.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka gwamnatin Dikko Radda tana da ta cewa. Matakin farko kuma ba ya buƙatar biliyoyi: Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima ta sa mitar wuta da mitar ruwa a kowace tashar famfo, a fitar da kuɗin ɗaga ruwan kadada ɗaya a bainar jama'a. Da wannan adadin ne za a san faranti nawa ake buƙata kafin a ba da kwangilar sayensu.